Tarihin Lalle a Ƙasar Danja da Kudancin Katsina

Lalle ɗan itace ne gajere mai yawan rassa, wanda Hausawa suka daɗe suna shukawa a bayan ɗaki da gefen rijiya da kan iyakar gona. A ƙasar Danja da sauran garuruwan noma na kudancin Jihar Katsina, irin su Bakori da Funtua da Ƙafur da Malumfashi, ba a lissafa shi cikin manyan amfanin gona kamar masara da dawa da auduga da rake da tumatir. Duk da haka, da wuya a yi bikin aure ko suna ko Sallah ba tare da ganyensa ba. Abubuwa biyu ne suka riƙe shi tsawon ƙarnoni: juriyarsa ga fari, da kuma hannun matan da suka mayar da shi ginshiƙin kwalliya da al'adun aure.

Siffarsa da halinsa

Idan aka bar lalle bai sha sara ba, tsayinsa yakan kai mita 2 zuwa 6. Ganyensa ƙanana ne masu tsini, suna fitowa biyu-biyu suna fuskantar juna. Furensa ƙanana ne, farare ko masu ɗan ja-ja, kowanne da kunnuwa huɗu, suna fitowa cunkus a kan reshe, kuma ƙamshinsu yakan cika tsakar gida. Bayan fure sai 'ya'ya su biyo baya, 'yan dunƙule-dunƙule masu ɗauke da ƙwayoyin iri masu yawa. Idan itacen ya tsufa, ƙarshen ƙananan rassansa yakan yi tsini kamar ƙaya, shi ya sa yake yin shinge mai kyau.

Masana tsirrai suna kiransa Lawsonia inermis, sunan da Carl Linnaeus ya raɗa masa a 1753 don girmama abokinsa, likita Isaac Lawson na ƙasar Sikotlan. A cikin ganyen akwai wani sinadari mai rini da ake kira lawson, wanda yake kama sinadarin da ya gina fata da farce da gashi. Wannan ne dalilin da ya sa jan lalle ba ya fita da wanka. A fata sai ya yi mako ɗaya zuwa uku kafin ya kode, gwargwadon yadda fatar take sabuntawa, a farce kuwa sai farcen ya tsiro an yanke shi. Tafin hannu da tafin ƙafa sun fi kowane sashe na jiki kaurin fata, don haka nan ne lalle ya fi kamawa.

Lalle na son zafin rana, kuma zafi yana ƙara wa rininsa ƙarfi. Saiwarsa tana nutsawa ƙasa sosai. Idan rani ya tsananta ko sanyin hunturu ya sauko, yakan zubar da ganye ya tsaya kamar busasshe, amma da zarar ruwan farko ya zuba sai ya toho. Gindi ɗaya yana iya yin shekara ashirin ko fiye ana yankansa yana sake fitowa.

Asali da hanyar zuwansa ƙasar Hausa

Amfani da lalle ya girmi rubutaccen tarihin yawancin ƙasashe. An gano alamunsa a gashin wasu gawawwakin Misira ta dā da aka adana, ciki har da ta Fir'auna Ramses na Biyu. Itacen ya bazu a yankunan zafi masu ƙarancin ruwa, tun daga Arewacin Afirka da kwarin Nilu har zuwa ƙasashen Larabawa da Farisa da Indiya.

A Afirka ta Yamma, ɗaya daga cikin tsofaffin bayanai a kansa shi ne na al-Bakri, malamin Andalus, wanda ya kammala littafinsa kan hanyoyi da masarautu a wajen 1068. Da yake bayanin Audagust, wani birnin fatauci da kufansa yake a kudancin Muritaniya ta yau, ya ambaci lalle cikin abubuwan da mutanen garin suke nomawa da yawa. Wato kusan shekara dubu da suka wuce lalle ya riga ya zama amfanin gona a bakin Sahara ta kudu.

Birnin Katsina yana cikin manyan zangunan fataucin Sahara. Ayarin Buzaye da Larabawa suna saukowa ta Agadas da gishiri da tufafi da littattafai da kayan ƙamshi, Wangarawa suna zuwa daga yamma, Barebari kuma daga gabas. Dukkan waɗannan al'ummu ma'abota lalle ne. Ta wannan cuɗanya ta ciniki da malanta da auratayya ne al'adun lalle suka yi ƙarfi a birane, daga nan suka bi hanyoyin fatake zuwa ƙauyuka. Hausawa su ma sun zama masu yaɗa shi, domin fatakensu sun kai garin lalle da al'adar ƙunshi ƙasar Nupe da ƙasar Yarabawa da Gwanja, da zangunan Hausawa na bakin teku.

Matsayinsa a wajen malamai

Musulunci ya ba lalle gindin zama. Hadisai sun ambaci rina furfura da shi, kuma an ruwaito cewa Sayyidina Abubakar, Allah ya ƙara masa yarda, yana rina gemunsa da lalle da wani ganyen rini da ake kira katam. An kuma ruwaito amfani da shi a kan rauni. Ibnul Ƙayyim ya ware masa bayani a cikin littafinsa na magungunan Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi.

Littafin da ya fi kusa da ɗaliban zaure a ƙasar Hausa shi ne Risala ta Ibn Abi Zaid al-Ƙairawani, wadda ake karantawa a makarantun ilimi na Katsina da Zariya da garuruwan da ke tsakaninsu. Risala ta nuna babu laifi a rina gashi da lalle, ta karhanta rina shi baƙi, ta kuma lissafa lalle cikin kayan adon da mace mai takaba za ta ƙaurace wa. Wannan hukunci ya shiga rayuwar yau da kullum har ya zama alama: matar da mijinta ya rasu tana barin ƙunshi wata huɗu da kwana goma, ranar fitarta daga takaba kuwa ƙunshi yana cikin abubuwan farko da ake yi mata. Dattijo mai jan gemu shi ma ba baƙo ba ne a masallatan wannan yanki.

Kudancin Katsina kafin zuwan Turawa

Kudancin Katsina ya bambanta da arewacinta. Ruwan sama ya fi yawa, yakan kai kimanin milimita 1,000 a shekara, damina kuma takan fara daga watan Mayu zuwa Oktoba. Ƙasar laka ce mai ƙarfi, ga fadamu da rafuka. Tsofaffin garuruwa irin su Maska da Gozaki sun yi suna da noman auduga da saƙa da rini, kamar yadda Dokta Yusufu Bala Usman ya bayyana a bincikensa kan tarihin Katsina wanda aka buga a 1981. Danja tana kusurwar kudu maso gabas ta wannan yanki, inda ƙasar Katsina ta haɗu da ta Zazzau da ta Kano, don haka kasuwanninta da al'adunta suna da alaƙa da masarautun uku.

A tsarin noman wancan zamani, hatsi shi ne abincin gida, ana noma shi a gandu ƙarƙashin maigida. Bayan hatsi akwai shuke-shuken neman kuɗi, irin su rake da taba da albasa da baba. Masarautun Daular Usmaniyya sukan karɓi kuɗin shuka a kan irin waɗannan amfani, da kuɗin karofi a kan marina. Lalle yana cikin jerin shuke-shuken da ake yi don kasuwa da ado, kuma yana da wata fa'ida da rake da albasa ba su da ita: ba ya bukatar fadama ko ban-ruwa. Ana iya dasa shi a kan tudu, a wurin da ba a ware wa komai ba. Haka kuma busasshen ganyensa ba shi da nauyi, ba ya saurin lalacewa, ana iya ɗora shi a kan jaki a kai shi kasuwa mai nisa.

Matafiya Turawa na ƙarni na 19 sun tarar da al'adar ta yi jijiya. Hugh Clapperton, wanda ya ratsa Kano da Katsina da Sakkwato a 1824, ya kuma dawo ta Zariya a 1826, ya ambaci yadda mata suke rina hannu da ƙafa da lalle. Daga baya likita J. M. Dalziel ya sa shi cikin littafinsa na sunayen tsirrai da Hausa na 1916, da kuma babban littafinsa kan tsirrai masu amfani na Afirka ta Yamma na 1937.

Yadda ake nomansa da sarrafa shi

Hanyoyi biyu ake bi wajen yaɗa lalle. Ta farko ita ce iri. Ƙwayar tana da tauri, don haka akan jiƙa ta kwanaki kafin a yafa ta a ɗan fili kusa da rijiya, a riƙa yayyafa ruwa har ta tsiro ta yi ƙwari, sannan a dashe idan damina ta zauna. Ta biyu ita ce yanko reshe mai ƙwari a kafa shi a ƙasa mai laima, kamar yadda ake kafa aguwa ko bini-da-zugu a shinge. Shekarar farko ce mai wuya, domin dole a tsare shi daga awaki, a kuma ɗan taimaka masa da ruwa idan rani ya yi tsanani. Da ya kama ƙasa, hidimarsa ta ragu ƙwarai. A cikin gida, ruwan alwala da na wanke-wanke da ke gangarawa gindinsa ya ishe shi.

A ƙasa mai ruwa da laka irin ta Danja, wurin da ruwa ba ya kwanciya shi ya fi dacewa da shi. Ana sare rassan kusa da gindi idan ganye ya cika, musamman bayan ɗaukewar damina, kuma saran yana sa shi ya yi sabon toho mai yawa. Sabon ganye ya fi tsoho rini. Akan shanya rassan a inuwa domin ganyen ya riƙe korensa, a kakkaɓe, a daka a turmi, a tankaɗe. Garin da ya yi kore shar, mai ƙamshin ɗanyen ganye, shi ake nema. Wanda ya daɗe ya koma ruwan ƙasa ba ya kamawa sosai.

Aikin ya kasu tsakanin maza da mata. Maza ne suke dasa shi a gona su sare, amma daka da tankaɗe da aunawa da sayarwa a cikin gida na mata ne. Matan kulle sukan ba yara talla, tsofaffi kuma su kai kasuwa tare da kuka da kuɓewa busasshiya da daddawa. Ta haka lalle ya zama ɗaya daga cikin ƙananan hanyoyin da mace take tara kuɗin biki da na kayan ɗakin 'yarta.

Lalle a bikin aure

Babu inda lalle ya yi tasiri kamar aure. Shaida mafi kusa da ƙasar Danja ita ce ta Baba ta Karo, wadda aka haifa a 1877 ta rasu a 1951. Ta yi rayuwarta a Karo da Zarewa, kan iyakar Kano da Zazzau, daga baya ta zauna a Giwa, duk ba nisa da Danja. A Giwa ne ta ba wata Baturiya, Mary Smith, labarin rayuwarta tsakanin 1949 da 1950, aka buga shi a 1954. Labarinta ya nuna cewa tun kafin zuwan Turawa a 1903, sa lalle shi ne matakin da yake raba budurci da zaman aure a ƙauyukan wannan yanki.

A tsohon tsari, biki yana farawa da kamu. Wata tsohuwa daga dangi takan lallaɓo ta shafa wa yarinya lalle, daga nan ta zama amarya. Yarinyar takan fashe da kuka, ta gudu tare da ƙawayenta su ɓuya a gidan wata 'yar'uwa, sai an biya ƙawaye kuɗi kafin su fito da ita. Daga nan sai zaman lalle, wanda a dā yakan kai kwana bakwai ga budurwa, bazawara kuwa nata gajere ne. A cikin kwanakin nan amarya ba ta aiki, tana lulluɓe, ana cuɗa mata jiki da lalle domin fata ta yi laushi da haske, ana kuma yi mata ƙunshi. Tsofaffi suna yi mata nasiha kan zaman gidan miji, 'yan mata suna waƙa da gaɗa a tsakar gida. Ranar ƙarshe alwanka ta yi mata wankan amarci, sannan a kai ta ɗakinta. Ango ma akan kama shi, kakanni ko abokan wasa su shafa masa lalle, ko su fesa masa madara ko turare a madadinsa. Garin lalle kuma yana cikin kayan da dangin ango suke aikawa gidan amarya.

Ƙunshin dā ba shi da zane. Akan kwaɓa garin da ruwa, wani lokaci a matsa lemon tsami, a bar shi ya tsumu. Sai a lafta shi a tafin ƙafa da gefenta, a rufe da ganye, a ɗaure da tsumma. Hannu kuma a zura shi cikin zunguru, wato doguwar ƙwarya da aka tanada don wannan aiki, a kwana da shi. Idan ana son ya yi duhu, sai a maimaita kwana biyu ko uku har jan ya koma kusan baƙi. Mai jego ma ana yi mata ƙunshi kafin ranar suna, mata da 'yan mata kuma suna yi a jajibirin Sallah. A wajen magani, ana shafa kwaɓaɓɓen lalle don sanyaya zafin tafin ƙafa da rage kaushi da faso.

Zamanin auduga da shekarun fari

Mulkin Turawa ya sauya fuskar noma a kudancin Katsina. A ƙarshen shekarun 1920 layin dogo daga Zariya zuwa Ƙauran Namoda ya ratsa ta Funtua, kamfanin BCGA kuma ya kafa injinan gurzar auduga a Funtua da Malumfashi. Hankalin hukuma da na malaman gona ya koma kan auduga da gyaɗa, waɗanda ake fitarwa zuwa Ingila. Lalle bai shiga wannan lissafi ba. Ya ci gaba da zama a hannun talakawa, iri yana wucewa daga maƙwabci zuwa maƙwabci, sanin nomansa kuma daga uwa zuwa 'ya.

Ƙasar Hausa ta ga yunwar 1913 zuwa 1914, da farin 1972 zuwa 1974, da na 1983 zuwa 1984. A irin waɗannan shekaru amfanin da ake shukawa duk damina shi ya fi shan wuya, itatuwa masu zurfin saiwa irin su lalle da zogale da kuka kuwa sukan tsallake. Bayan an ƙirƙiro Jihar Katsina a 1987, noman rani da injin ban-ruwa ya bunƙasa, Danja ta yi suna da tumatir da rake, masara kuma ta mamaye gonakin tudu saboda samuwar takin zamani. Yawan jama'a ya sa gonaki suka tsuke, filayen bayan gida suka zama ɗakuna, katangar bulo ta maye gurbin shingen itace a gidaje da yawa. Duk waɗannan sun rage wuraren da lalle ya saba tsayawa.

Sauyin ƙunshi

A daidai lokacin da itacen yake raguwa a gidaje, kwalliyar lalle ƙaruwa ta yi. Da farko leda ta kori ganye da zunguru. Sai aka shiga yayin salatif, inda ake yanka shi da reza a manna a fata, a lafta lalle a kai, idan an ɓare sai zane ya fito. Daga baya zanen fulawa ya shigo ta hanyar matan Barno da Shuwa da Sudan, da masu dawowa daga aikin Hajji da Umara, da kuma finafinan Indiya. Tare da shi aka samu dilka da halawa a gyaran jikin amarya. Ƙunshi ya tashi daga aikin da kaka take yi wa jikarta kyauta ya zama sana'a, mai ƙunshi tana da farashinta, tana kuma tallata aikinta ta wayar hannu. Zaman lalle na kwana bakwai ya taƙaita zuwa kwana ɗaya ko biyu, kamu kuma a birane ya koma taron da ake yi a zauren biki.

Zane mai siriri yana bukatar gari mai laushi ƙwarai, wanda turmi da rariya ba sa iya fitarwa cikin sauƙi. Wannan ya buɗe ƙofa ga lallen kwali da na leda daga Indiya da Pakistan da Sudan. A Indiya, garin Sojat na jihar Rajastan, wuri mai ƙarancin ruwa, ya gina babbar sana'a a kan wannan itace, inda ake noma shi a manyan gonaki, a niƙa a injin, a fitar da shi ƙasashen duniya.

Abin da ake kira baƙin lalle ko dayis ba daga itacen lalle yake ba. Yawancinsa rinin gashi ne mai ɗauke da sinadarin PPD, wanda likitocin fata suka tabbatar yana jawo wa wasu mutane ƙaiƙayi da kumburi da ƙuraje masu ruwa, har ya bar tabo, kuma wanda jikinsa ya taɓa ƙin sa yakan ci gaba da ƙin sa har abada. Lalle na asali ja yake bayarwa, kuma da wuya ya cutar da fatar babba. Sai dai likitoci sun yi gargaɗi kan shafa shi ga jarirai, domin yana iya fasa ƙwayoyin jinin yaron da aka haifa da ƙarancin sinadarin G6PD, larurar da take da yawa a Nijeriya.

Halin da ake ciki

A watan Disamba na 2024 hukumar UNESCO ta sanya al'adun lalle cikin jerin al'adun gado na 'yan Adam, bisa buƙatar ƙasashen Larabawa 16. Nijeriya da Nijar ba sa cikin waɗanda suka gabatar da buƙatar, ko da yake al'adar ta yi ɗaruruwan shekaru a ƙasashen biyu.

A ƙasar Danja bukatar lalle ba ta taɓa yankewa ba, domin aure da suna da Sallah ba sa ƙarewa. Itacen ya dace da ƙasar, ba ya gasa da masara ko tumatir wajen ruwa da taki, yana tsare iyakar gona, yana rage zaizayar ƙasa, furensa kuma yana jawo ƙudan zuma. Abin da ya rage wa lallen gida a kasuwa shi ne tsabtar shanya da laushin niƙa da kyakkyawan ƙulli, kuma duk ukun ba su fi ƙarfin ƙungiyoyin mata da masu injin niƙa na yankin ba. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya: lalle yana bukatar shekara biyu zuwa uku kafin ya ba da ganye mai yawa, don haka gidan da yake son ya ci moriyarsa sai ya dasa shi tun da wuri, a farkon damina, a wurin da rana take bugu kuma ruwa ba ya kwanciya.